Layi Biyu a Rami Ɗaya: Yaya Kamfani Zai Ci Gaba da Aiki Idan Hanyarsa ta Zuwa Gajimare ta Yanke?

Jami'in na'urori, Kano:

Assalamu alaikum, malamai da injiniyoyin wannan zaure. Ni ne mai kula da na'urorin wani kamfani da ke rarraba kayan masarufi, wanda yake da babban sito a Kano da rassa uku a wasu garuruwa. Shekara biyu ke nan da muka kwashe manhajar lissafin kaya da ta fitar da rasit daga sabar da ke ofishinmu, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da manhajojin da bayanansu, muka mayar da su gajimare, wato muna biyan hayar saba a cibiyar bayanan wani babban kamfani a Turai. Domin gudun matsala muka ɗauki layin intanet biyu daga kamfanoni biyu daban-daban. A makon jiya masu aikin faɗaɗa titi suka tsinke wayar faiba da katafila, sai layukan biyu suka ɗauke a lokaci guda. Daga hantsi har bayan la'asar motoci bakwai suna jere a ƙofar sito, direbobi suna zaune a inuwar katanga, magatakarda kuwa yana kallon kwamfuta ba shi da ikon fitar da takardar kaya ko ɗaya. Yanzu shugaban kamfani ya ce in nemo wani kamfanin gajimare na biyu mu riƙa gudanar da komai a wurare biyu. Kafin in kai masa lissafin kuɗi, ina son jin ko wannan ne maganin abin da ya same mu.

Tsohon injiniyan sadarwa, Kaduna:

Wa'alaikumussalam. Ɗana, abin da shugabanku ya nema ba zai warkar da ciwon da ka bayyana ba, domin a ranar nan sabarku tana aiki lafiya lau a Turai, ku ne ba ku da hanyar isa gare ta. Ko da kuna da saba goma a kamfanoni goma, duk ta ramin da katafila ta tona za ku bi. Sunan kamfani biyu a kan takardar biyan kuɗi ba ya nufin hanya biyu a ƙarƙashin ƙasa, saboda sau da yawa ƙaramin kamfani yana hayar waya ne daga babba, ko kuma dukansu sun shimfiɗa nasu a bututu ɗaya a gefen titi ɗaya.

Wannan kuskure ba naku ne ku kaɗai ba, ƙasashe ma sun faɗa cikinsa. Ranar Alhamis, 14 ga Maris 2024, cikin makon farko na azumi, manyan wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a tekun da ke kusa da Abijan. Masu su daban, shekarun da aka shimfiɗa su daban, amma duk sun ratsa yanki ɗaya na ƙasan teku, shi ya sa ake ganin motsin ƙasa guda ne ya taɓa su gaba ɗaya. Bankuna da dama a Najeriya sun kasa yi wa jama'a hidima yadda aka saba, hukumar sadarwa ta Gana kuma ta ce gyaran zai ɗauki aƙalla mako biyar. Waɗanda suka farfaɗo da wuri su ne masu wani kaso a wayoyin da abin bai shafa ba, irin su Equiano ta Google da Glo-1. Saboda haka ka rubuta wa kamfanoninku biyu ka nemi taswirar hanyar da wayarsu ta bi tun daga ƙofarku har inda suka miƙa ta ga wani. Sannan layi na biyu ya bambanta da na farko a jinsi, ko na rediyo daga wata hasumiya, ko na tauraron ɗan'adam, tunda Starlink yana aiki a Najeriya tun Janairun 2023. Kada ka dogara da layin wayar hannu kawai ba tare da bincike ba, domin hasumiyar unguwarku tana iya zama a kan waccan faibar da aka tsinke take.

Injiniyar gajimare, Legas:

Baba ya faɗi gaskiya game da hanya, kuma shi ne abin da ya kamata a fara gyarawa. Sai dai ina neman afuwa in ƙara da cewa bai kamata mu wanke gajimare tas ba, don kada ɗan'uwanmu ya koma ya gaya wa shugabansa cewa can babu abin tsoro. Ranar 20 ga Oktoba 2025 yankin AWS, wato rukunin cibiyoyin gajimare na kamfanin Amazon, da ke arewacin jihar Bajiniya a Amurka ya samu matsala ta kusan awa 15. Asalin abin kuwa ƙarami ne: manhajar da ke sabunta adireshin DNS (tsarin da ke nuna wa na'ura inda za ta sami saba idan an ba ta suna) na rumbun bayanan AWS mai suna DynamoDB ta bar gurbin adireshin babu komai, sai duk hidimomin da suka jingina da shi suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, har abin ya kai ga manhajojin hira da wasu bankunan Ingila. Kamfanonin da suka raba sabobinsu a gine-gine uku na wannan yanki ba su tsira ba, domin raba saba a gine-gine yana kare mutum daga gobara ko ɗaukewar wuta a gini ɗaya ne, ba ya kare shi daga kuskuren manhajar da ke tafiyar da yankin baki ɗaya.

Duk da haka ba na ba ƙaramin kamfani shawarar gudanar da aikinsa a gajimare biyu lokaci guda. Kowane kamfani yana da nasa tsarin izinin shiga, da nasa tsarin hanyoyin sadarwa, da nasa rumbun bayanai, kuma daidaita lissafin kaya tsakanin rumbu biyu masu karɓar rubutu a lokaci ɗaya aiki ne da yake wahalar da manyan tawagogi, balle mutum ɗaya mai kula da sito da rassa uku. Abin da na ga ya fi dacewa shi ne a gudanar da aiki a wuri ɗaya, a ajiye cikakken kwafin bayanai a wurin wani kamfani dabam, ƙarƙashin asusu dabam da kalmar sirri dabam. Abin da ya ceci asusun fansho na UniSuper a Ostireliya ke nan a watan Mayun 2024, lokacin da wani kuskuren saiti a Google Cloud ya goge musu muhallin aikinsu na gajimare gaba ɗaya. Suna da kwafi a yankuna biyu na Google, amma gogewar ta cinye duka biyun saboda asusu ɗaya ne. Kwafin da suka ajiye a wani kamfani ne ya taimaka aka dawo da hidima ga mambobi fiye da 600,000 bayan kusan mako biyu.

Hajiya mai binciken kuɗi, Abuja:

Na karanta bayanan Malam da na ƙanwata, kuma na amfana. Amma ina ganin an fara gini daga rufi. Kafin a yi maganar waya ko saba, akwai tambayoyi biyu da shugaban kamfani ne kaɗai yake da hurumin amsa su, ba jami'in na'urori ba. Ta farko, awa nawa kamfanin zai iya jurewa babu wannan manhaja kafin asarar ta fi ƙarfinsa? Ta biyu, idan bayanai suka salwanta, cinikin awa nawa na baya zai iya haƙura da shi ya sake shigarwa da hannu? Ma'aunin ISO 22301, wanda shi ne na tsarin ci gaba da aiki a lokacin matsala, daga nan yake farawa: a jera ayyukan kamfani, a auna illar tsayawar kowanne, sannan a zaɓi abin da za a kashe wa kuɗi. Fitar da kaya daga sito ba zai jure awa biyu ba, amma rahoton ƙarshen wata zai iya jiran kwana uku, don haka ba daidai ba ne a saya musu kariya iri ɗaya.

Ina kuma roƙon ɗan'uwa ya zauna ya karanta yarjejeniyar da suka sa wa hannu. Alƙawarin cewa hidima za ta kasance tana aiki kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci yana nufin an yarda hidima ta tsaya kusan awa 8 da minti 45 a shekara, na kashi 99.99 kuma kusan minti 53. Idan aka saɓa alƙawarin, abin da aka saba bayarwa shi ne ragi a kuɗin hayar wata mai zuwa. Babu wanda zai biya kuɗin motoci bakwai da suka yini a ƙofar sito.

Jami'in na'urori, Kano:

Na gode, Hajiya. Gaskiya ba mu taɓa zama da shugaban kamfani a kan waɗannan tambayoyi biyu ba. Game da kwafin ajiya kuwa, manhajarmu tana ɗaukarsa kowane dare da ƙarfe biyu, kuma kullum da safe ina samun saƙon cewa an kammala.

Hajiya mai binciken kuɗi, Abuja:

Saƙon yana shaida cewa an rubuta wani abu ne, ba ya shaida cewa abin zai dawo. Yaushe rabonka da ka ɗauki kwafin nan ka tayar da shi a wata saba, ka buɗe, ka ga lissafin jiya da idonka? A ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan kamfanin manhaja na GitLab ya goge babban rumbun bayanansu bisa kuskure, kuma da suka juya ga hanyoyin ajiya guda biyar da suke da su, sai suka tarar babu wadda take aiki yadda aka zata. Abin da ya fitar da su shi ne wani kwafi da aka ɗauka da hannu awa shida kafin lamarin, bayanan waɗannan awa shida kuwa sun tafi. Kamfanin manhaja ne fa, cike da ƙwararru. Ba a fafe gora ranar tafiya, ka gwada dawo da kwafin a ranar da babu abin da ya lalace, ka riƙe agogo ka ga tsawon lokacin da zai ɗauka.

Matashin mai haɗa manhaja, Zariya:

Da izinin manya, ni ina da ra'ayi dabam. Me ya sa kamfanin da yake Kano, rassansa suna arewa, abokan cinikinsa suna arewa, zai riƙa tura rasit ɗin buhun sukari zuwa Turai ya dawo? Tun farko dogaro da waje ne ya jawo wannan. Akwai cibiyoyin bayanai a cikin gida, kamar Rack Centre da MDXi a Legas, da na Galaxy Backbone a Abuja da Kano, kuma cibiyar musayar intanet ta IXPN tana da mahaɗa a Kano. Wanda sabarsa take cikin ƙasa, kuma kamfanin intanet ɗinsa yana musaya a cikin gida, ba ruwansa da abin da ya faru a tekun Abijan. Ga kuma batun dala, domin duk wanda yake biyan hayar gajimare da kuɗin waje ya ga yadda lissafinsa na naira ya ninka tun bayan sauyin farashin canji na 2023. Ni a ganina a dawo da komai gida shi ne tsaro na gaskiya.

Tsohon injiniyan sadarwa, Kaduna:

Maganarka tana da ƙarfi, ɗana, kuma na daɗe ina jin zafin yadda saƙo tsakanin unguwa biyu na gari ɗaya yake zagayawa ta Landan. Na yarda cewa ajiye kwafi mai aiki a cikin ƙasa yana rage dogaro da teku. Inda na saɓa da kai shi ne kalmar "komai". Gini gini ne, ko a ina yake. A daren 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cibiyoyin bayanan kamfanin gajimare na OVHcloud a Sitirasbog ta Faransa, ta lalata wani ɓangare na ta kusa da ita, kuma a ranar ne wasu abokan hulɗa suka gano cewa kwafin ajiyarsu yana harabar da ta ƙone. A ranar 26 ga Satumba 2025 kuma batir ya kama da wuta a cibiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon, ɗaruruwan hidimomin gwamnati suka tsaya, rumbun ajiyar ma'aikata mai ɗauke da kimanin terabayit 858 ya salwanta saboda ba a yi masa kwafi a wani wuri ba. Waɗannan ƙasashe ne da ba su san ɗauke wuta irin namu ba.

Akwai wani abu kuma da na gani da idona a watan Maris ɗin 2024. Wata ma'aikata da nake ba shawara tana da sabarta a cikin ƙasa, amma ma'aikata suka kasa shiga, domin manhajar da ke tantance sunansu da kalmar sirri tana waje, haka ma mai riƙe musu adireshin DNS. Saba tana gida, mabuɗin ƙofarta yana ƙetaren teku. Duk wanda zai dawo da aiki gida sai ya bi waɗannan ƙananan igiyoyi ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba ya kashe kuɗin ƙaura a banza.

Matashin mai haɗa manhaja, Zariya:

Na karɓi gyara a kan batun tantance shiga, Baba, ban yi tunaninsa ba. Amma har yanzu ina kan cewa babban kwafin ya zauna a gida, na waje ya zama madadi, ba akasin haka ba.

Injiniyar gajimare, Legas:

Wannan zaɓi ne da za a iya karewa, kuma amsar tana komawa ga tambayoyin Hajiya da kuma ƙarfin ma'aikatan da za su kula da abin. Tsohuwar ƙa'idar masu ajiyar bayanai ba ta damu da wanne ne babba ba: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wuri mai nisa. Abin da zan ƙara a zamanin masu kutse da ke kulle bayanai su nemi fansa shi ne ɗaya daga kwafin ya zama wanda ba a iya gogewa ko sauyawa har sai wa'adinsa ya cika, ko da da asusun shugaban sashe aka shiga.

Jami'in asusun ajiya da lamuni, Maraɗi:

Gaisuwa ga jama'ar zaure. Mu a nan Nijar ba mu da gaɓar teku, intanet ɗinmu ta ƙasashen maƙwabta yake shigowa, don haka duk abin da ya taɓa su yana iso mu. A watan Agustan 2023 kuma, da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu bayan juyin mulki, mun koyi cewa na'urar da ke kan teburi ita ce farkon abin da ke mutuwa, tun kafin a kai ga maganar teku. Ku ma kun ɗanɗana a Oktoban 2024 da jihohin arewa suka yi kwanaki cikin duhu, haka mutanen Zamfara da aka rufe musu layukan sadarwa a Satumban 2021 saboda matsalar tsaro. A irin wannan hali babu layi na biyu da zai yi amfani idan shi ma na hasumiyar waya ne.

Abin da ya riƙe mu shi ne shirin da ba ya buƙatar intanet ko kaɗan. Kowane reshe yana da littafin rasit mai lamba a cikin akwatin ƙarfe, da takardar da ake bugawa kowace yamma mai nuna abin da ke asusun kowane mamba, da iyakar kuɗin da mai kula da reshe zai iya fitarwa ba tare da izinin hedikwata ba. Na tuna wata dattijuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli da ta zo karɓar kuɗin magani a ranar da komai ya tsaya. Mai karɓar kuɗi ya buɗe takardar jiya, ya duba sunanta, ya rubuta rasit da biro, ta dangwala yatsa ta tafi asibiti. Ita ba ta san akwai matsala ba. Ina ba ɗan'uwanmu na Kano shawara ya tambayi magatakardansa abin da zai buƙata don ya sallami mota da hannu, domin shi ya fi kowa sani.

Tsohon injiniyan sadarwa, Kaduna:

Allah ya saka da alheri, Malam. Ina ƙara abu ɗaya a kan maganarka. Takardar shirin kanta kada ta zauna a gajimaren da ake tsoron faɗuwarsa. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɓace kusan awa shida bayan wani umarni na gyara ya yanke hanyoyin cikin gida na kamfanin, kuma abin da ya tsawaita lamarin shi ne kayan aikin da injiniyoyinsu za su yi gyara da su sun faɗi tare da hanyar, sai da aka tura mutane cibiyoyin bayanai da ƙafarsu. Kamfanoni nawa ne a cikinmu shirinsu na gaggawa shi ne a sanar a zauren WhatsApp? A buga lambobin waya a takarda, a rubuta wanda zai yanke hukuncin komawa aiki da hannu, da wanda zai maye gurbinsa idan yana kan hanya.

Jami'in na'urori, Kano:

Na dawo da rahoto, kamar yadda ya kamata. Ranar Asabar na gwada abin da Hajiya ta ce. Kwafin yana da kyau, alhamdu lillahi, amma sai da na yi awa bakwai kafin manhajar ta tashi, kuma awa uku daga ciki sun tafi ne wajen neman lambar tabbatarwa da ake turawa wayar wani ma'aikaci da ya bar aiki tun bara. Kamfanonin intanet ɗinmu kuma sun amsa wasiƙata, ɗaya ya tabbatar da cewa daga ɗayan yake hayar wayar da ta shigo unguwarmu. Na zauna da shugaban kamfani, ya ce sito ba zai wuce awa ɗaya a tsaye ba, ya kuma janye maganar gajimare na biyu, ya amince da layin tauraron ɗan'adam da batir mai hasken rana da kwafi a wani kamfani. Abin da ya rage mini shi ne wannan: idan sito da rassa uku suka yi ciniki da hannu na yini guda, yaya za mu shigar da shi daga baya ba tare da lambobin rasit sun ci karo ko an sayar da kaya ɗaya sau biyu ba?

Injiniyar gajimare, Legas:

Yayana, ka ware wa kowane reshe nasa jerin lambobi da harafin da ke gabansu tun yanzu, a buga littattafan da su, ta yadda rasit ɗin Kano ba zai taɓa ɗaukar lambar wani reshe ba. A lokacin yankewa kowane reshe ya sayar da abin da ke cikin sitonsa kawai, a dakatar da tura kaya tsakanin rassa da bayar da sabon bashi har hanya ta dawo. Idan ta dawo, mutum ɗaya ya shigar da rasit bisa jerin lokacin da aka rubuta su, wani dabam ya ƙirga kayan da suka rage ya gwada da abin da kwamfuta ta nuna, kafin a buɗe ciniki na gobe. Ka zaɓi wata Asabar mai sauƙin ciniki a wata mai zuwa, ka cire wayar faiba da hannunka da sanin shugaban kamfani, ku yi awa biyu a haka, sannan ka kawo mana abin da magatakarda ya ce ya rasa.